Kan Jirgin Neville Tully

A ƙungiyarmu ta masu ƙananan jiragen ƙasa a Albury, in kana son ranarka ta ɓaci, sayi sabon kan jirgi ka nuna wa Neville Tully. Mu dai tsofaffi ne da suka ajiye aiki, matanmu sun gaji da ganinmu a gida, muka samu wani ɗakin ajiya muka shimfiɗa dogo a kan tebura, da tashoshi da duwatsun takarda da shanun roba. Neville kuwa yana tsallako kogi daga Wodonga, a jihar Victoria mai maƙwabtaka da tamu, duk Laraba don ya gaya mana abin da muka ɓata.

Zai ɗauki kan jirginka ya kai shi dab da hanci kamar mai shinshina kifi, ya ƙirga ƙusoshin jikin tukunyar tururinsa, sannan ya miƙo maka.

"Abokina, wannan butar shayi ce aka sa wa ƙafa. Kai wa jikanka."

Ni ma ya taɓa yi mini, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Duk shekara muna baje koli, kuma al'adarmu ita ce kan jirgin da ya fi kama da na gaske shi ke jan jirgin buɗe taro a gaban jama'a. Babu kuɗi a ciki, babu kofi, amma ran Neville na kan wannan zagaye ɗaya. Merv Kostka, tsohon direban motar madara, shi ya yi shekaru yana cinyewa, don kawai Neville bai taɓa shiga ba. A cewarsa ba a ƙera kan jirgin da ya isa ya sa sunansa a kai ba tukuna.

Ba wai bai nema ba. Ya zaga shagunan Melbourne da na Sydney har masu shagunan suka riƙa ɓuya in sun hango hularsa. In wani mai tara jirage ya mutu, Neville ne na farko a gidan makoki, yana yi wa matar ta'aziyya idonsa na kan ƙofar gareji. Daga ƙarshe ya ji labarin wani tsohon mai gyaran agogo a Bendigo da ke ƙera su da tagulla da hannu. Neville ya ba shi aikin kan jirgin kwal irin na jiharsu ta Victoria, wanda yake gani yana yaro.

"Komai daidai da na gaske," in ji Neville. "Kada ka rage mini ko sili ɗaya."

Mai agogo ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta.

Da kayan ya iso, Neville ya kulle shi a akwatin gilashi, ya shafe damina yana ɗiga masa baƙin hayaƙi da tsatsa da ɗan buroshi don ya yi kama da wanda ya sha aiki. Ba wanda ya gani, har matarsa.

Ranar baje koli da safe, kafin a buɗe ƙofa, ya ajiye shi a teburin alƙalai ya yaye ƙyallen. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin irinsa ba. Har dattin man da ke tsiyaya gefen ƙafafun yana nan. Shugabarmu Glenys Harrop ta sa tabarau ta cire, ta ce ba sai an jefa ƙuri'a ba. Merv da kansa ya ba shi hannu.

Aka jera taragai a tasha. Neville ya ɗauko kan jirgin da hannu biyu ya ɗora a dogo. Ƙafafun hagu suka zauna, na dama suka hau kan ƙarfe. Ya gyara, na dama suka zauna, na hagu suka hau.

"Dogonku ya karkace," in ji shi.

Merv ya sunkuya ya leƙa ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Dattijo, dogonmu lafiya lau. Jirginka ne ɗan Victoria na haƙiƙa."

Kowa a garin nan ya san dogon Victoria na zamanin da ya fi na jiharmu faɗi. Amma a ƙananan jirage ana kau da kai, kowa na gudu a dogo ɗaya. Mai agogo bai kau da kai ba. Ya buɗa ƙafafun da kamar kaurin tsinken ashana, daidai yadda lissafi ya ba shi. Neville kuwa, da duk bakinsa, ashe ko taku ɗaya na dogo ba shi da shi a gida da zai gwada.

"To, Shugaba," in ji Neville, muryarsa ta yi ƙasa, "ai wannan ya ƙara nuna nawa ne na gaske."

"Ba wanda ya musa," in ji Glenys. "Amma jama'a ba lissafi suka zo kallo ba. Ko ya yi tafiya, ko na Merv ya ja. Ga mutane can sun yi layi."

Merv ya zaro ƙaramar filaya daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"Matsawa kaɗan ce, ƙafafun su shigo ciki. Ba mai ganewa. Mu haka muke yi, mu masu butar shayi."

Na so in yi dariya, sai na dubi Neville, kuma wallahi tausayi ya kama ni, ban so ba. Ya dubi ƙofa, ya dubi jirgin. Ya ɗauki filayar da kansa ya juya mana baya. Ƙarar da muka ji ba ta fi ta ɓalle maɓalli ba.

Aka buɗe ƙofa, Glenys ta kunna wuta, kan jirgin ya ja taragai ya bi ta gada ya shige rami ya fito. Jama'a suka yi tafi sosai. Neville yana tsaye yana kallon takalminsa.

Bayan zagayen wata tsohuwa mai sanda ta matso kusa da shi, idonta ya cika da hawaye. Ta ce a Wodonga ta girma, irin wannan jirgin ne ya tafi da yayanta soja.

"Bawan Allah, an ce kai ne mai shi. Daidai yake da na gaske, ko? Ba a canja komai ba?"

Merv ya ajiye kofin shayinsa don ya ji da kyau.

"Daidai yake, Baba," in ji Neville. "Ba a canja komai ba."