Siffar Ruwa a Famfon Baffa Mudi

Manoman garin Hawata sun fara cewa famfon ban-ruwan da Baffa Mudi ke zubawa ba ya turo ruwa da ƙarfi. Shekara talatin yana narka ƙarfe a kasuwar Gadarif ta Sudan, ba wanda ya taɓa kushe aikinsa, don haka maganar ta yi mini ciwo. Ina shekarar ƙarshe a injiniyanci, kaina ya kumbura, na ce ni zan wanke sunansa.

Na zana gangar famfon a kwamfuta. Na cire kusoshi da rubutun jiki, na toshe mashiga da mafita, na ciro sararin cikin, domin shi kaɗai ake bai wa manhajar ta gwada gudun ruwa. Sakamako ya fito tas. Na kwashi kwamfutar zuwa maƙera da hantsi, ina tafe kamar wadda ta ci gasa.

Baffa ya daɗe yana kallon zanen.

"Ya bitti, 'yata, cikin nan wa ya auna miki?"

"Na auna waje, Baffa, na cire kaurin ƙarfe."

"Ai ruwa ba ta waje yake bi ba."

Ya ɗauko sabuwar ganga, ya toshe bakunanta da laka, daidai yadda na yi a kwamfuta. Ya narka kakin zuma ya ɗura ta 'yar kafar da ya bari. Da ya daskare, ya sa zarto ya raba aikin kwana uku gida biyu, ko gezau bai yi ba. Sai ga siffar ruwan a hannunsa, rawaya, a murɗe kamar dodon-koɗi. Kusa da mafita ta tsuke, yatsa biyu da ƙyar. Katakon da yake fitar da siffar cikin da shi ya zaizaye da tsufa.

Manoman suna da gaskiya. Kunya ta kama ni, tausayinsa ya fi ta yawa.

"Baffa, zanen farko yana nan. Ba wanda ya ga wannan kakin."

"Ni na gani. Zana shi yadda yake, ki kai musu. Halas, magana ta ƙare."

Na auna kakin, na sake zane, manhajar ta nuna ruwa yana shaƙewa a wurin. Ban taɓa ganin girman mutum kamar ranar ba.

Kafin in rufe kwamfutar ya jefa tsohon katakon a wuta. Ya jawo sabon guntu, ya zauna kusa da ni da wuƙarsa.

"To, injiniya, wane faɗi ruwan yake so?"