Manhajar Rabon Ruwa

Ni Sharhabilu, ni na rubuta manhajar da ƙungiyar manoman rani ta garinmu take rabon ruwa da ita. Aikinta ɗaya ne: ta jera manoman shinkafa daga Mafara har gefen Bakura, ta tura wa kowa saƙon tes na ranar da za a buɗe masa ruwa. Kafin ita, kullum sai an kai ruwa rana a bakin kwata.

Lokacin da zan fara, Hafiza, wadda ƙungiya ta ɗauka don kula da kwamfuta, ta roƙe ni in rubuta da yaren kwamfuta da ake kira Python. Ta ce yaren a shimfiɗe yake, mutum na karantawa kamar ana yi masa bayani. Na yi mata dariya, na ce ai wannan na 'yan koyo ne. Na ɗauko Perl, tsohon yaren da ke barin mutum ya cusa aikin layi goma cikin layi ɗaya in ya ga dama. Ni kuwa na ga dama. Inda ya kamata in rubuta "manomi" sai in sa q, inda ya kamata in rubuta "ranar ruwa" in sa qq. Ko kalma ɗaya ta bayani ban bari ba.

Ba laifin yaren ba ne, kar in ɗora masa. So nake a ce in ba ni ba, babu mai iya taɓawa.

To, sai na samu aiki a Gusau, na tattara na bar mata kayan. Shekara biyu lafiya lau. A ta uku manoma daga wajen Maradun suka shigo ƙungiya, sai manhaja ta fara tsallake mutanen ƙarshen jeri. Gonaki goma sha ɗaya suka yi kwana tara babu ruwa, shinkafa tana tsaka da ɗaukar ciki. Sau uku Hafiza tana kirana.

"Malam, don Allah mi layi na arba'in ke yi?"

"Haba Hafiza, ki karanta mana, ai a fili yake," in ji ni, ko buɗewa ban yi ba.

Da shinkafar ta ƙone, shugaban ƙungiya Alhaji Malami ya kira taro, ya aika in zo. Za a yanke ko Hafiza ta ci gaba da aiki ko ta ajiye makulli. Na iske manoma cike da gindin darbejiya, rai a ɓace. Hafiza na zaune a ƙarshen benci da wani littafi da ta cika da zane-zane, tana ƙoƙarin warware rubutuna layi bayan layi. Bayan doguwar gaisuwa aka ajiye mini kwamfuta a kan tebur.

Na buɗe. Innalillahi! Wallahi kamar kaji sun yi tono a kan allon. Alamomin dala, baka da tauraro, ga q, ga qq, wani ma qqq. Ni da na rubuta da hannuna, na kasa gane inda abin ya dosa. Na gangara ƙasa, na dawo sama, ina gyaɗa kai kamar mai fahimta.

Alhaji ya ce, "Injiniya, mu ba mu san wanga abu ba. Tambaya guda muka yi maka. Rubutun ga, ana iya karanta shi ko ba a iyawa? Yarinyar ga ta ce ba shi karantuwa."

Hafiza ta ɗago ta dube ni. Babu roƙo a idonta, ta tabbata zan faɗi abin da mu biyu muka sani. Mutum sama da hamsin suna jira, waɗanda suka saba nuna ni suna cewa ga mai kan kwamfuta.

"Ana iyawa mana, Alhaji," na ce. "Sai dai yana son wanda ya ƙware."

Shi ke nan. Hafiza ta ciro makullin ofis daga jakarta ta ajiye kusa da hannuna, ta gaida dattawa, ta tafi neman mashin.

Kwana shida na yi kafin in gano matsalar. Ashe tun farko na ƙayyade wa manhajar mutum ɗari biyu, na kuma binne adadin cikin wani lissafi mai murɗiya don burga. Duk wanda ya wuce ɗari biyu, babu shi. Na sake rubuta komai da Python, kowane abu da sunansa, amma abinci ya daina yi mini daɗi. Kunya nake ji, kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Ranar da na kai aikin, na samu Alhaji da dattawa huɗu a ofis. Na durƙusa na faɗa musu komai: kuskuren nawa ne, da gangan na rikita rubutun, ranar taro ni ma ban iya karantawa ba, ƙarya na yi. Na roƙi a mayar da Hafiza.

Alhaji ya yi murmushi ya juya ga dattawan.

"Kun ga ɗan halas ko? Ya gyara muna aiki, kuma yana son ya ɗauke wa yarinya laifinta. Tashi, Injiniya, Allah shi yi maka albarka. Maganar Hafiza an riga an rufe ta."

Na rantse gaskiya nake faɗa, na sake rantsewa. Dattawan dai suka ce amin ga addu'ar Alhaji.