Dashen Tumatir Daga Hawa na Huɗu

Wata bakwai ke nan tun da aka yanke wa Baba ƙafar hagu, kuma wata bakwai ke nan bai taka ƙasa ba. Daga asibiti 'yarsa ta wuce da shi gidan mijinta, bene hawa na huɗu. Ƙarti uku ne suka hau da shi. Mutumin da ya shekara arba'in yana noman lambu, yanzu gonarsa ba ta wuce bakin taga ba.

Da zaman ya ishe shi, sai ya ce a riƙa fasa ƙwai ta kai kawai, a kawo masa ɓawon. Ya wanke, ya huda gindin kowanne da allura, ya cika da ƙasar wata tukunyar fure da ta mutu a falo, ya jefa irin tumatir. Talatin ya jera a kiret, ashirin da shida suka tsiro.

Yanzu ganye ya fara rawaya, saiwa ta cika ɓawo.

"Uwata, sun kai dashe," ya ce wa 'yar da safe, tana shirin fita aiki. "In suka ƙara kwana uku a nan, sai dai shara."

"In samo maka robar fenti, Baba?"

"Da wace rana? Tagar nan awa ɗaya take ganin rana, kamar mai ziyarar fursuna. Akwai ƙasa a bayan ɗakin mai gadi, kusa da famfo. Kullum ina kallonta."

"Likita ya ce ban da matakala."

"Likita ya taɓa dashe?"

"To bari maigidan ya dawo ya goya ka."

Baba ya harare ta. "Surukina ya goya ni? Gara a sauke ni a makara."

Ƙarshe dai suka tsaya a kan ta kai wa mai gadi ya dasa. Baba ya riƙe kiret ɗin bai saki ba.

"Ki gaya masa ya murƙushe kowane ɓawo kafin ya binne. Ɓawon ƙwai ba ya ruɓewa da wuri. In bai fasa ba, saiwa ba ta da hanya. Kin ji?"

"Na ji, Baba," ta ce, waya maƙale a kunne, ido a kan agogo.

Ya dogara sandunansa zuwa taga, ya manna goshi a ƙarfe. Ya ga ta miƙa wa mai gadi kiret, ta nuna sama, ta tare mota ta shige.

Mai gadi ya ɗaga kai yana dariya. "Manomin sama! Amanarka ta iso! Ka shirya kwando!"

Ya tona rami da wuƙa, ya ɗauki na farko a hankali, yana lallaɓawa kada ya fashe, ya binne shi ɗungurungum.

"Kai! Fasa shi!" Baba ya daka tsawa. "Fasa ɓawon!"

Daidai nan mai walda na maƙwabta ya tayar da janareto. Mai gadi ya ga baki na motsi a sama, ya ɗaga hannu, ya ɗauki na biyu.

Baba ya juya. Bai taɓa ratsa falon nan da sauri haka ba, sanda na zamewa a kan tayil. Matakalar ma da gindi zai sauka, kowa ya gani. Ya murɗa hannun ƙofa. A kulle take ta waje. Ashe haka ake yi masa kullum, bai sani ba, don bai taɓa gwadawa ba.

Ya buga da sanda har kafaɗarsa ta gaji. Duk maƙwabta sun tafi aiki.

Ko da ya koma taga, an gama. Layi biyu reras, mai gadi na yayyafa ruwa da buta yana fito. Baba ya san dashen da ya galabaita ba ya jure tono na biyu, sai dai in an yi shi yanzu, kafin rana ta buɗe.

Ya ja kujera zuwa bakin ƙofa, ya zauna, sandunan a cinya. Sai shida na yamma 'yar take dawowa. Agogon falo ya ce tara saura kwata.