Shingen Wankan Saje

Da Saje Markus ya ajiye kaki ya dawo Zuru, bai fara da gina ɗaki ba, wurin wanka ya fara yi. Wai shi da ya shekara ashirin da biyu yana wanka a bariki ba zai zo ya tsuguna bayan rumbu ba. Ya saro sandunan zogale a wani kango kan hanyar Dabai, ya kakkafa su a jere kamar kurata, ya ce shinge ke nan. Kullum sau biyu yake shiga, da bokiti da soso da waƙar fareti.

Ashe su sanduna ba su san an sare su ba. Ruwan wanka ya yi ta kwarara gindinsu, suka tsiro, suka yi ganye luf-luf har ba ka hango ko ƙeyar mai wanka.

Sai ga fari na shekarar saba'in da uku. Dawa ta bushe a tsaye tun ba ta fid da kai ba. Keziah, matar Saje, ta wayi gari sai ta zura rabin jikinta cikin rumbu kafin ta taɓo hatsi, ga 'ya'ya biyar masu ci kamar gara. Ran nan tana shanya ta ɗaga ido, ta ga abu ɗaya tak da ya rage kore a unguwar. Ta tsinko, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Yara suka suɗe kwano. Saje ma ya ci ya nemi ƙari, bai tambayi inda aka samo ba.

To, zancen abinci ba ya ɓuya. Talatu matar Arzika mai goro ta fara zuwa da ɗan faifai, sai Nkechi mai shagon kananzir, sai mata kowace da ƙwaryarta. Keziah kuwa ba ta iya cewa a'a. Kafin wata biyu shinge ya yi sharara, ana ganin bokiti daga bakin hanya.

Wata Laraba da safe Saje ya shafe fuska da kumfa, yana tsakiyar waƙa, ya buɗe ido ɗaya sai ya ga hannu dab da kunnensa yana tsinkar ganye.

"Ina kwana, Saje," in ji Talatu.

Ihun da ya kurma, har akuya sai da ta tsinke igiya. Talatu ta arce tana cewa, "Wallahi ban ga komi ba! Ganye nika ɗiba!" Mata suka zube ƙasa don dariya, Keziah har da riƙe ciki da hawaye. Saje ya fito ɗaure da tawul, kumfa na ɗiga daga gemu, ya tsaya ƙyam ya ce, "Ran Asabar zan sare shi har ƙasa in kafa zana."

Nan dariyar Keziah ta ɗauke. Saura wata uku kafin a sa ran ruwa, kuma ganyen nan ne ke sa mudu ɗaya ya yi musu kwana biyu. Tsoro ya kama ta sosai. Ta bi shi har ɗaki.

"Baban Leah, ka dubi yaran nan."

"Na dube su. Ni kuma duk gari ya dube ni."

Ta san halin kayanta, in ya kafe ko jaki albarka. Sai ta zaga gida-gida tana raɗa, mata na toshe baki suna ƙyalƙyala.

Asabar Saje ya wasa adda ya nufi bayan gida, sai ya ja ya tsaya. An lulluɓe shinge kaf da zannuwa: atamfa, saƙi, na zuwa coci, na zuwa biki, har da mayafin sallar Talatu, iska na kaɗa su. Can gefe mata goma sha ɗaya zaune a jere, sun ba shi baya, kafaɗunsu sai rawa suke don dariyar da suke dannewa.

"Bismilla, Saje," in ji Talatu ba ta juyo ba. "Yanzu ko allura ba ta shiga. Kullum haka za mu yi maka, sahe da marece."

"Ku kwashe tsummokaranku!"

Sai Nkechi ta juyo, ita ba dariya a fuskarta. Ta ce da 'yar Hausarta, "Saje, lokacin yaƙin basasa ni na ci ganye shekara biyu. Yaro na ɗaya ya rayu, ɗaya bai rayu ba. Kai ka je can, ka gani."

Ya gani kuwa, Keziah ta sani, don har yau in ya ga yaro mai kumburin ciki sai ya kau da kai. Amma sai ya ɗaga adda ya sara. Keziah ta ɗora hannu a ka ta ƙwalla ƙara. Ya sake sara, ya sake. Da ta dubi ƙasa sai ta ga ashe rassan sama yake datsewa, kamu bibbiyu, gindi kuwa ko ƙwarzane babu.

"Ku yi layi!" ya daka tsawa.

Suka tashi a guje suna ture juna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana danƙa wa kowace sanda uku.

"Kowace ta je ta kafa a bayan ɗakinta. Ta sa mijinta wanka sau biyu a rana. Ni kaɗai ke da datti a garin nan?"

Guɗa ta ɓarke. Keziah ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya tana share ido da gefen zane. Talatu ta jujjuya sandunanta ta ce, "Sau biyu? Arzika? To Saje, sai dai ka taho da addar nan ka hwaɗa mishi da kanka."