A Bayan Raƙumi Zuwa Ma'an

Tun kafin su fita daga Amman Abu Nayif ya fara jin cewa da wata a ƙasa. Yana zaune a gaban tsohuwar Marsandin ɗan baffansa Abu Talal, ya naɗe alkyabbarsa bisa cinya don kada ta yamutse, yana kallon motoci suna wuce su kamar an kafe su a kan titi. Har wata mai ɗauke da tukwanen gas ta wuce, direbanta ya leƙo ya yi musu irin kallon da ake yi wa majinyaci.

Bayan la'asar ake jiransa a Ma'an. Shi ne babban da zai yi magana da bakin dangi wajen nema wa Hazim aure, ɗan ƙaninsa marigayi, wanda ya tashi a hannunsa. Sauran maza sun wuce tun da safe a bas. Shi ya tsaya jana'izar wani maƙwabci, ga shi bai taɓa koyon tuƙi ba. A maƙabarta ne Abu Talal ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ni zan kai ka, ɗan baffana. Wa ya fi ni sanin hanyar Ma'an?"

Wannan kam gaskiya ce, don a kan hanyar nan ya yi furfura yana tuƙin motar haya. Sai dai akwai wata gaskiyar da Abu Nayif bai tuna ba sai da ya rufe ƙofar mota. Bara matar Abu Talal ta je gidan yarinyar nan, Sawsan 'yar Hajj Awwad, ta nema wa ɗansu Talal ita, aka ce mata karatu take yi. Bana da uwar Hazim ta je, sai aka tarar karatun ya ƙare.

"Abu Talal," in ji shi, "ƙafarka ta dama lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Me ka gani?"

"Na ga kamar kunyar totur take ji."

"Gaggawa aikin Shaiɗan ce."

"Jinkiri ma aikin wani ne, sunansa ne ban sani ba tukuna."

Abu Talal ya yi dariya, ya gyara baƙin tabarau ɗinsa, allurar maleji kuwa ba ta motsa daga inda take ba.

Da suka wuce mararrabar filin jirgi, gidaje suka ƙare, hamada ta buɗe, sai suka cim ma wata a-kori-kura ɗauke da raƙumi. An gurfanar da shi an ɗaure da igiyoyi, fuskarsa na kallon baya, kunnensa ɗaya a tsage. Raƙumi a mota ba ya nuna tsoro. Zama yake yi kamar alƙalin da aka ɗauko zuwa wani gari, yana tuƙar abinci a baki, yana duban duniya tana komawa baya. Abu Talal ya matsa ya manne a bayansa, ya gyara zama, ya saki ajiyar zuciya irin ta wanda ya iso gida.

"Wuce shi mana. Hannun hagu ba kowa."

"Yanzu."

Bai wuce ba. Tireloli suka yi ta shan gabansu suna danna hon, ya bar su. Raƙumin ya kafe Abu Nayif da ido. Leɓensa na ƙasa a sake yake, kuma Abu Nayif ya ga ya yi kama da na Umm Talal, matar Abu Talal, ranar da aka kawo mata labarin Hazim. Ya nemi tsarin Allah daga wannan tunani, tunanin ya tafi ya dawo.

"Yarinyar, me ma sunanta?" in ji Abu Talal. "Sawsan ko?"

Abu Nayif ya juyo ya dube shi. Mutumin da matarsa ta cinye takalmi zuwa gidan, yau shi ke tambayar suna.

"Sawsan," ya ce, ya ciro carbinsa na kahraman, mai 'ya'ya ruwan zuma, ya fara ja.

Kusa da Katrana Abu Talal ya ƙara rage tafiya, ya ɗaga hannu cikin ladabi wajen gefen titi ya ce, "Allah ya ƙara ƙarfi, yallaɓai." Abu Nayif ya waiga don ya ga ɗan sandan. Ganga ce a tsaye, an lulluɓa mata shuɗin tamfal, masu sayar da kankana sun bar ta. Ya ajiye wannan a ransa kusa da sauran. Wato abin har ya kai ga ba'a.

Suna tafe ana kiran la'asar a rediyo. Ba a jima ba waya ta yi ƙara, Hazim ne, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baffa, kuna ina? Mun shigo rumfa, an zauna. Mazan unguwar duk sun taru. Butar gahawa na kan garwashi, ba wanda ya taɓa ta."

Ba kuwa za a taɓa ta ba. Finjalin farko na babban ayari ne. Shi za a miƙa wa, ya karɓa ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba, ya faɗi abin da ya kawo su, kuma ba zai ɗauka ba sai mai gida ya ce ya sha. In babu shi, haka maza za su zauna baki a bushe suna kallon juna, kuma kunyar ta mai gida ce a gaban mutanensa.

"Mun kusa, ɗana. Ka ce mun kusa."

"Me suka ce?" in ji Abu Talal, har da karkato kunne.

"Sun ce a gaishe da raƙumi."

Rana ta karkata, inuwar a-kori-kura ta miƙe zuwa gabas. Abu Nayif ya yi ta lissafi a zuci. In an tashi taron nan ba a sha gahawa ba, Hajj Awwad ba zai sake kafa wa danginsu rumfa ba, wato dai ba don Hazim ba. Wata shida, shekara, a bari ƙura ta lafa, sai wani ya zo ba da haƙuri da sunan dangi, ya ce laifin tsoho ne da bai san lokaci ba, amma ga Talal. Ya ga abin a fili kamar an zana masa a jikin gilashi. Ya tuna ƙaninsa a gadon asibiti yana riƙe da hannunsa yana cewa, Hazim naka ne.

Waya ta sake ƙara. "Baffa, ƙanin Hajj Awwad ya ce in aka kira magariba za su naɗe darduma."

A mararrabar Hasa a-kori-kura ta kunna sigina ta sauka daga titi. Raƙumin ya yi musu kallo na ƙarshe, ya tafi yana tuƙarsa. Titi ya buɗe fayau, ba kowa a gaba har iyakar gani. Abu Nayif ya ce, "To, alhamdu lillahi, yanzu taka."

Maimakon haka sai motar ta fara rarrafe, ta gangara gefe, ta tsaya.

"Inji ya yi zafi," in ji Abu Talal.

Ya fita ya buɗe murfin inji. Abu Nayif ya bi shi. Bai san mota ba, amma ya san zafi, kuma babu tururi, babu ƙauri. Abu Talal ma ba injin yake duba ba. Ya juya baya yana hangen hanyar da suka fito, hannu a goshi, kamar mai jiran wani.

"Wa kake jira?"

"Ba kowa."

"Talal ne ke tafe da nasa ayarin?"

Abu Talal ya sauke hannu. "Me ka ce?"

"Ka ji ni. Mun girma tare, Miflih, gida ɗaya, akushi ɗaya." Rabon da ya kira shi da sunan yanka tun suna samari. "In 'yar mutane kake so wa ɗanka, ka fito ka faɗa a gaban maza. Ba ka ɗauko ni ka ɗaure ni a wutsiyar raƙumi ba. Ka tambaye ni sunan da ka fi ni sani. Ka tsaya kana gaida ganga don ka ci lokaci. Yanzu kuma inji."

Wata tirela ta zo ta wuce, iskarta ta kaɗa hiramin Abu Talal. Ya bi ta da ido kamar zai ruga ya kama ta.

"Ganga ce?" ya ce a hankali.

"Ganga da tamfal."

"Na ɗauka ɗan sanda ne."

Ya cire tabarau. Abu Nayif ya matso ya duba. A tsakiyar kowane ido akwai wani fari-fari, kamar an ɗiga madara a shayi ba a juya ba.

"Yanar ido ce. Tun hunturun bara. Likita ya ce aiki, ni kuwa ba mai sa mini wuƙa a ido. Babban abu ina ganinsa. Raƙumi ina ganinsa sarai. In na samu na gaba, sai in bi shi. In babu, titi da hamada duk ɗaya ne a wurina. Ko Umm Talal ba ta sani ba."

"To don me ka ce za ka kawo ni?"

"Wace amarya aka ɗauko a danginmu ba ni na tuƙa ba? Wane neman aure? In na yi shiru a maƙabarta, da yamma kowa ya san dalili, ko kuma su ce saboda Talal ne. Ka ga kai ma ka faɗa."

Abu Nayif ya dubi idanun, ya dubi rana. Rabin zuciyarsa ta yarda. Ɗaya rabin tana cewa tsofaffi da yawa suna da fari a ido kuma suna zura zare a allura.

"Ka ce ka san hanyar a ka?"

"Kowane rami."

"To shiga. Ni ne raƙuminka."

Abin da ya biyo baya Abu Nayif bai cika son ba da labarinsa ba. Ya manna goshi kusa da gilashi yana cewa, miƙe, miƙe, dama kaɗan, tirela a gaba, hagu ba kowa, fita. Ashe Marsandin tana da murya. Abu Talal ya taka ta kamar zamanin haya, har yana faɗin kwana kafin ta zo, yana ɗan waƙa a maƙoshi.

"Rage, don Allah rage."

"Ɗazu ka ce kunyar totur nake ji."

"Na janye. Dama, dama, akuya ce."

Sun shiga Ma'an rana ta zauna a bakin duwatsu, ja kamar garwashi. Rumfar ta cika da maza. Abu Nayif ya yafa alkyabba, ya yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Aka zuba gahawa aka miƙo masa. Ya karɓa ya ajiye finjalin a kan darduma.

Ya yi maganarsa yadda ake yi, ya yabi gidan, ya ambaci marigayi, ya nemi Sawsan wa Hazim. Hajj Awwad, wani siririn tsoho mai dogon hanci, ya saurara har ƙarshe bai dubi finjalin ba.

"Mun ji, Abu Nayif. Amma mazan nan tun la'asar suke zaune ba su jiƙa maƙoshi ba. Ina so in ji abin da kuka tarar a hanya wanda ya fi 'yata."

Abu Nayif ya buɗe baki zai ɗora wa inji laifi, sai ya ji motsi a gefensa. Abu Talal ya miƙe, ya cire tabarau, ya fuskanci ginshiƙin rumfa da ke kusa da mai gida, ya ce, "Ni ne, Hajj. Idona ya tafi, na ɓoye, na ɗauko shi a haka. A bayan raƙumi muka zo."

Wani ya kama dariya ya mayar da ita tari. Hajj Awwad ya daɗe yana dubansa.

"Ina nan ta damanka. Kai ne uban Talal?"

"Ni ne."

"Kuma ka tuƙo shi da wannan idon don a ba wani?"

"Hazim ma ɗana ne."

Ladan ya gyara lasifika a masallacin unguwa, ana jin ƙarar hura ta. Hajj Awwad ya nuna finjalin da haɓa. "Sha gahawarka, Abu Nayif. Abin da kuka zo nema an ba ku."

Ta huce sarai, ya shanye. Aka karanta Fatiha, guɗar mata ta taso daga cikin gida, bayan salla aka shigo da farantan kayan zaƙi na kunafa. Hazim ya sumbaci kan baffansa, ya je ya sumbaci na Abu Talal.

Wajen tashi ne carbin Abu Nayif ya maƙale a hannun kujera, zaren ya tsinke, 'ya'yan suka watse a kan jar darduma. Fitilar rumfar ba ta da ƙarfi. Maza suka duƙa suna tsinta, suka tara masa a tafin hannu, saura ɗaya aka rasa. Abu Talal ya taka zuwa can ƙarshen layi, ya sunkuya, ya sa yatsu biyu a gindin ƙafar wata kujera, ya ɗauko.

"Ga ta."

Abu Nayif ya karɓa, ya dubi ƙwayar, ƙarama ce kamar wake, ya dubi ɗan baffansa.

"Ya aka yi ka gan ta?"

"Ji na yi inda ta faɗi," in ji Abu Talal, yana mayar da tabarau.

Aka ba wani daga cikin dangi makullin Marsandi, su biyun suka hau bas tare da sauran. Abu Talal ya yi barci tun kafin su bar gari, kansa a kafaɗar Abu Nayif. Shi kuwa bai runtsa ba. Ya zuba 'ya'yan carbin a aljihu, banda wannan ɗayar, wadda ya riƙe yana juya ta a yatsu. Wajen Hasa ya sake ta da gangan a ƙasan bas, ya kasa kunne ko zai ji inda ta nufa.