Ƙofa Mai Dogara Sanda

Ƙofar unguwarmu ta yi kama da tsohon da aka tara wa sandunan dogarawa har suka fi ƙarfinsa. Daga sama baka ne na jan bulo, lanƙwasasshe, wanda ko a birnin Solo aka kai shi ba zai ji kunya ba. Daga ƙasa kuwa dajin gora ne: ƙwarangwal ɗin da aka jera bulon a kansa, da tokarai tsaye cirko-cirko, sai wani ɗan lungu a tsakiya da mutum zai ratsa a sunkuye. Mai babur sai ya naɗe madubansa. Motar shinkafa a titi take tsayawa, mu yi ta dakon buhu a ka. 'Yan tsallaken rafi, waɗanda don mu ƙure su aka yi ginin, in sun zo wucewa sai su tsaya su yi wa ƙofar sannu da jiki.

Kang Wagiran, wanda manya ke kira Ran, shi ne ya gina ta. Shekarar da ya dawo daga Malesiya da agogo ruwan zinare, babu bencin mai shayin da bai ji labarin masallatan da ya ɗaga wa baka a can ba. Ana cikin haka mai unguwa, Pak Marsudi, ya ce bana ƙofar bikin 'yancin kai ba ta kwali da fenti za a yi ba, ta bulo za a yi. Kowa ya waiga ya kalli Wagiran. Alhali a can ɗin kwaɓa siminti yake yi yana miƙa wa magina. Ido ya ga yadda ake yi, hannu bai taɓa ba. Amma bakin da ya gina masallatai a kan benci ta yaya zai ce ƙofa ta gagare shi?

Ya kuwa gina ta, kuma a faɗi gaskiya ta yi kyau. Matsalar ranar cire gora ce. A al'ada, magini ne ke shiga ƙarƙashi ya buge weji, wato guntayen katakon da aka cusa a ƙasan tokarai, ƙwarangwal ya sauka, baka ya tsaya da kansa a kan wanda ya gina shi. An dafa shinkafa da kurkum, liman ya yi addu'a, an miƙa wa Wagiran guduma. Ya ɗaga kai, ya ƙwanƙwasa bulo ɗaya, ya ce siminti bai gama kamawa ba. Bayan biki ya ce damina ta matso. Bayan damina ya ce zafi ya yi yawa. Agusta, watan bikin, ya zagayo, muka shafe gorar da ja da fari, launin tuta, kamar ado ne aka yi da gangan. Ya sake zagayowa, muka ƙara mata wani fentin.

Shi kansa bai ƙara bi ta ƙofar ba. Akwai wata 'yar hanya ta bayan garken awaki, mai taɓo da wari, ita ya mayar tasa. Wai ta fi kusa. Kusa da ina, Allah kaɗai ya sani.

Abin da ya hana shi sukuni mahaifiyarsa ce, Mbah Tuminem, mai soya ayaba. Tun makon farko ta kwashe murhunta da kaskonta ta dawo gindin ƙofar, ta ce inuwar ɗanta ta fi ta kowace bishiya. Kullum da safe tana nan zaune, tulin bulo a saman kanta, yara sun kewaye ta. Wagiran yakan tsaya daga nesa, wajen shagon aski, yana zuƙar sigarin kanumfari yana kallon bakan kamar mai gadin mahaukaci. Ya yi mata dabara iri-iri. Ya ce hayaƙi zai ɓata bulo. Ya ce zai kafa mata rumfa a ƙofar masallaci. Wata rana ya matso har bakin kwata, ya ɗaga murya.

"Inna, ƙurar titi na zuba miki a mai."

"Ita ke ƙara masa daɗi. Ko akwai wani abu ne, Ran?"

Kalma ɗaya ce ta rage ya faɗa, ta tashi daga wurin. Ya kalli layin masu saye, ya kalli agogonsa.

"Babu komai."

"To ƙaraso ka karɓi mai zafi."

Ya ce yana sauri, ya juya hanyar awaki.

Ranar wata Alhamis bayan Asuba Mbah Tuminem ta cika, babu doguwar jinya. Kafin hantsi an yi wanka, mata suna zaune suna shirya furen da ake rataya wa makara. Sai Yu Lasmi, yayar Wagiran, ta fito tsakar gida da jajayen idanu, ta ce wa dattawa akwai wasiyya. Inna ta ce ta ƙofar ɗanta za a fitar da ita. Ta ce hanyar awaki ta awaki ce. Yu Lasmi ba ta kalli ƙanenta ba da ta faɗi wannan, amma mu mun kalla mata.

Makara da mutanen da ke ɗauke da ita ba za su shiga wannan lungun ba, ko makaho ya sani. Wani ya kawo shawarar a karkata ta a gicciye, liman ya yi masa kallon da ya sa ya tuna yana da aiki a gida. Wagiran ya miƙe, ya ce a ba shi guduma.

Muka bi shi ɗuu har ƙofar. Ya ce kowa ya ja baya, a kama yara. Rigarsa ta jiƙe sharkaf tun bai ɗaga komai ba. Pak Marsudi ya ja shi gefe, ya ce masa a hankali in yana da shakka ya faɗa, a bi ta baya, babu wanda zai ce uffan. Wannan kam ƙarya ce irin ta ta'aziyya, don har jikokinsa sai sun sha labarin.

Wagiran ya sunkuyar da kai. "Pak, ni fa a Malesiya kwaɓa kawai nake yi."

"Wannan ai tsohon labari ne, Ran. Wanda kuka zauna ɗaki ɗaya da shi surukin mai aski ne."

Da mari aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Ya yi bismillah ya sunkuya ya shiga, karo na farko tun ranar shinkafa da kurkum. Ya tsuguna gindin tokari na farko, ya ɗaga guduma, sai hannun ya tsaya a sama. Babu weji. Ya ja jiki zuwa na biyu, nan ma babu. Ya bi su duka da rarrafe, wandonsa na kwasar tokar murhun uwarsa. Ya kama tokari ɗaya ya girgiza, sai ga shi yana rawa kamar haƙorin tsohuwa. Da ya ɗaga kai, tsakanin gora da bulo akwai ratar da tafin hannu zai shige, haske na ratsawa, har zanzaro ya yi gida a ciki.

Yu Lasmi ta ƙaraso ta tsaya a kansa. Ta ce tun daminar farko ne. Itacen Inna ya jiƙe, ta ga weji ɗaya ya saki, busasshen katako mai kyau, ta zare ta tura a murhu. Ta zauna tana jira ƙofa ta faɗo. Ba ta faɗo ba. Washegari ta zare wani.

"Kuma aka rasa mai gaya min?"

"Ta ce duk wanda ya gaya maka ya gama cin ayabarta. Ta ce da ƙafarka za ka zo ka gani." Yu Lasmi ta share hanci da bakin gyale. "Kullum sai ta ware maka taka a gefen kasko. In rana ta take, sai ta ba yara."

Mu da muka sha cin wannan ayabar muka shiga nazarin silifas ɗinmu.

Ba a yi amfani da gudumar ba. Da hannu muka kwashe gorar, wata ma da an taɓa ta sai ta zube gari, gara ta riga mu. Kafin a gama shimfiɗa tabarmin masu ta'aziyya ƙofar ta buɗe wayam, har tsaunin da ke bayan gonaki ana hangowa ta cikinta. Ko ƙwayar yashi ba ta faɗo ba.

A ƙofar gida aka ɗaga makarar sama, 'ya'ya da jikoki suka ratsa ta ƙarƙashinta a sunkuye, kamar yadda ake sallama da iyaye. Sannan Wagiran ya sa kafaɗa a kusurwar gaba, aka kama hanya. Da aka iso ƙofar bulon, jama'a suka riƙa duƙar da kai saboda sabo, har liman, alhali babu abin da zai buge su. Wagiran kaɗai ya ɗaga nasa. Ya ga bulon a jere, kowanne ya danne ɗan'uwansa, layin ya tafi sumul har ɗaya gefen. Wani murmushi ya kuɓuce masa, da uwarsa a kafaɗa. Ya yi maza ya haɗiye, amma Yu Lasmi na tsaye gindin ƙofar inda mata ke tsayawa, kuma ta gani.

Da aka dawo daga maƙabarta, wasu 'yan tsallaken rafi da suka zo jana'iza suka tsaya suna shafa bulon, suna tambayar ko Kang Wagiran zai samu lokaci bayan an share makoki. Shi kuwa yana tsaye a bakin titi yana kallon wani baƙin tabo a jikin ginin, daidai inda hayaƙin murhu ya saba hawa. Duwatsun murhun suna nan, babu wanda ya taɓa su.

Muka shige ɗaya bayan ɗaya, ga hanya fetal. Da na waiga, sai na ga ya karkata ta bayan garken awaki, yana ɗage ƙafar wando saboda taɓo. Babu wanda ya tsokane shi, har ni.