Ranar da Na Sheƙa wa Surukina Ruwan Kifi

Ni ɗan tudu ne, cikin itatuwan kanumfari na tashi, kuma masuntan Tumbe ba su taɓa bari na manta da haka ba. Shekarar da kanumfarinmu ya ƙi haihuwa, matata Tatu ta je ta durƙusa gaban mahaifinta, Mzee Pandu, ta roƙar mini gurbi a jirginsa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, cewa ya yi in zo a gwada ni. Tatu na da tsohon ciki a lokacin, ni kuwa ban da wannan jirgi ba ni da wata ƙofar da zan buga.

Ita ta sayo wa jirgin rishon girki, ɗan ƙarami mai cin sifirit, saboda tarin da tsohon yake fama da shi. Shekara da shekaru gawayi suke hurawa a akwatin yashi a tsakiyar jirgi, hayaƙin kuma a ƙirjinsa yake ƙarewa.

"Ka ce kai ka saya masa," in ji ta. "Kuma ka faɗa masa abin da mai shago ya ce. Da rana ba a ganin harshen wutar, kuma ba a ƙara mai sai an rufe ya huce. Silima, kana ji na kuwa?"

Na ji ta, kuma na faɗa masa. Amma kaina a sunkuye na faɗa, da irin muryar da ake yi wa suruki magana, ga inji yana ruri. Kombo ne ya fi ji, ɗan ƙanen tsohon, mutumin da bakinsa ba ya hutu ko da azumi.

"Wuta ba hayaƙi ba harshe? Ɗan tudu, an dai sayar maka da gwangwani. Baba, ko aljanu ya zo dafa wa?"

Tsohon ya dubi rishon, ya dubi teku. "Dafa mu gani," kawai ya ce.

Rana ta take tsaka, muka kashe inji a kan dutsen ƙarƙashin ruwa inda suke zuba ƙugiya. Na ɗora shinkafa da ruwan kwakwa, gabana yana faɗuwa, don na san da wannan tukunya za a auna ni. Tun safe na cukurkuɗe igiya, na yi amai a gefen jirgi, Kombo yana lissafa mini. Ana cikin haka ƙugiyarsa ta kama wani babban kifi, ya ce in zo in riƙe masa in na iya riƙe wani abu ban da tsanin tsinkar kanumfari. Na bar tukunya na tafi goshin jirgi.

Da na waiwaya, tsohon ya sauke tukunyar yana leƙen rishon. Bai ga komai ba. Sai ya yi abin da ya saba yi wa gawayi in ya yi masa taurin kai, wato yayyafa masa kananzir. Wannan karon kwalbar sifirit ya ɗauka, ya tuttula a rishon.

Na buɗe baki, "Baba" ta maƙale mini a wuya. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa sa hannu a kwanonsa ba, yaya zan daka masa tsawa? Idona bai ga wuta ba. Iska ce kawai take rawa a kan katakon, tana bin gangare zuwa ƙafarsa da bakin zanen da ya ɗaura. Bayan ƙafarsa kuma jarkar fetur ce a zaune. Sai na ji ƙauri irin na babbaka.

Bokitin da ke kusa da ni shi ne wanda muke zuba kayan cikin kifi. Na ɗauka na sheƙa masa, tun daga ƙirji har ƙasa. Na kamfato ruwan teku na ƙara, na sake ƙarawa, har rishon ya kife, shinkafa ta bi ruwa.

Kifin Kombo ya tsinke igiya ya tafi. Tsohon yana tsaye, hanjin kifi na rataye a gemunsa, ruwan jini na ɗiga daga rigarsa.

"Inna lillahi," in ji Kombo a hankali. "Silima, kanka ɗaya kuwa? Uban matarka?"

"Wuta ce," na ce.

"Ina take? Nuna mini toka. Nuna mini ko baƙin tabo."

Na duba. Katako a jiƙe, zanen tsohon ya yi duhu da ruwa, ba alamar komai. Tsohon ya share gemunsa, ya zauna a mazauninsa, ya ja zane ya rufe ƙafafunsa. "Ta da inji," ya ce wa Kombo.

Ban taɓa ganin hanya mai tsawo kamar wannan komawa ba. Da farko ina da tabbas. Da muka yi nisa sai zuciyata ta fara cina: to idan rishon ya mutu da gaske fa? Idan zafin rana ne ya sa iska rawa? Ƙaurin ma na fara shakkarsa. Na saci kallon tsohon, fuskarsa ba ta ce komai ba, gumi ne kawai yake karyo masa. Tsoro ya kama ni sosai, na riƙa shirya abin da zan ce wa Tatu, kowanne na shirya sai ya rushe.

A bakin gaɓa mata masu sarin kifi sun taru da robobinsu, ga tsofaffi a gindin kwakwa suna gyaran raga. Dawowar wuri da jirgi wayam ta ishe su tambaya, balle warin da ke tashi daga mai jirgin. Kombo ko angar bai gama jefawa ba ya fara.

"Jama'a, ku zo ku ga surukin zamani. Wanka ya yi wa Baba da..."

"Kombo," in ji tsohon.

Ya sauko da ƙyar, yana dafa gefen jirgi. Mzee Pandu, wanda aka ce ƙugiya ta taɓa ratsa tafinsa ya zare ta bai ko yi tsaki ba, ya tsaya gaban matan gari ya ɗage zanensa har gwiwa. Ƙwaurinsa na hagu ya saluɓe, ya yi bororo manya-manya, gashin wurin duk ya ƙone. Wata mata ta rufe baki da mayafi.

"Ya gaya mini tun da safe, ni ne ban saurara ba," ya ce. "Da ya tsaya jin kunyata, da yanzu katako kuke tsinta."

Ya saki zanen. Ya yi taku ɗaya, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Kombo ya matso da sauri, tsohon ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi, ya juyo ya dube ni cikin ido.

"Zo nan, Silima. Ba ni kafaɗarka."